Makullin Doña Primitiva a Wuyan Remberto

Mijin yayata, Remberto Choquetilla, mutum ne da ko ƙwai ya soya sai unguwa ta ji labari. Shekara biyu ya yi a jami'a ya baro ta, amma kada ka kuskura ka kira sunansa ba ka sa "Injiniya" a gaba ba, sai ya zama kurma. Ni dai ina sa masa, amma da irin muryar da shi ma ya san ba ta girmamawa ba ce.

Mu shida ne a nan birnin Cochabamba muke kula da Chiwanku, manhajar da ƙananan gidajen rediyon al'umma ke tsara shirye-shiryensu da ita. Ta sa waƙa, ta sa sanarwa, ta sa gaisuwa, kowanne a kan lokacinsa, ko da mai gabatarwa ya tafi gona. Ta kowa ce, ba mai saye ba mai sayarwa, duk wanda ya ga dama ya buɗe cikinta ya duba, ya kawo gyara. Gidajen rediyo arba'in da ɗaya ne suka dogara da ita, daga ƙauyukan kwarinmu har garuruwan masu haƙar ma'adinai. Ni, Zenobia, aikina gwaji. Su rubuta, ni in matsa in murɗa har sai na ga inda abin zai karye.

Doña Primitiva Arancibia ce ta fara rubuta manhajar, shekara goma sha huɗu ke nan, kuma a wuyanta makullin yake: wani ɗan filashi a jikin jan zare, wanda da shi ake sa hannu a kan kowane sabon zubi na manhajar. Kwamfutocin gidajen rediyon ba sa karɓar komai sai da wannan sa hannun. In kuwa suka gan shi, da kansu suke ɗauka su sabunta, ba sai wani ya taɓa su ba. Shekara biyar Remberto yana kallon jan zaren nan yana haɗiyar yawu.

To, bana likita ya ce za a cire wa Doña yanar ido. Ta tara mu da hantsi a shagon da muka saba cin salteña, irin samosar nan mai romo a ciki, ta jira kowa ya gama shanye romon tasa, sannan ta cire zaren daga wuyanta.

"Zubi na huɗu ba zai jira idona ba," in ji ta. "Remberto, ka daɗe kana roƙo, ga shi. In ya fita lafiya lau, makulli ya zama naka, ni na huta. In ka yi ɓarna, ka dawo mini da abina, kuma kada ka sake tambaya har abada."

"Ɓarna?" Remberto ya dafe ƙirji. "Doña, ni fa ko da ido rufe…"

"Ni ce zan rufe ido. Kai buɗe naka."

Ta maimaita masa dokokinmu, duka-duka biyu ne. Wanda ya rubuta gyara ba shi ke amincewa da shi ba, sai wani ya duba. Sannan makon ƙarshe kafin fitarwa makon ɗaure hannu ne, ba a ƙara komai, ba a matsar da komai, gwaji kawai. Remberto yana ta gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan gilashin ƙofar shagon, yana duba yadda zaren ya zauna masa a kan riga.

Ko kwana ba a yi ba ya aiko wa kowa sanarwa. Zubi na huɗu, in ji shi, zai zo da sababbin abubuwa ashirin da bakwai, kuma zai fita ranar Talatar ch'alla, wato bikin sa wa dukiya albarka, da ƙarfe goma sha biyu na rana daidai. Na kira shi a take.

"Injiniya, lafiyarka kuwa? Ranar da kowa ke gida yana yayyafa wa motarsa da shagonsa giya? Masu rediyo jera waƙoƙi suke yi tun safe su kulle ƙofa su tafi. Wa zai zauna gaban kwamfuta in abu ya lalace?"

"Ba abin da zai lalace, ƙanwata. Ranar albarka ce. Ke matsalarki ba ki da hangen nesa."

"Ni hangen kusa gare ni, shi ya sa nake ganin rami."

"Ki ci gaba da ganin rami, ni ina ganin tarihi."

Akwai ƙorafi sittin da uku da masu rediyo suka shigar a shafinmu suna jiran gyara. Doña kan yi wata biyu tana bin irinsu ɗaya bayan ɗaya. Remberto tsakanin abincin rana da shayin la'asar ya gama da su. Kowanne ya rubuta masa "an warware" ya rufe, sannan ya ɗauki hoton shafin fes ya tura mana, da rubutu a ƙasa: "Haka ake shugabanci."

Washegari muna zaune a tsakar gidansu, wayarsa ta yi ƙara. Don Hilarión ne, dattijon da ke riƙe da rediyon masu haƙar ma'adinai can kan tsauni, mutumin da ba ya buƙatar lasifika.

"Kai ne sabon mai makullin? Wata uku ina kuka cewa sanarwar rasuwa na faɗowa a tsakiyar waƙar rawa, ka rubuta mini an warware. Me ka warware?"

"Don Hilarión, da girmanka, a kwamfutata lafiya lau take aiki."

"To ɗauko kwamfutar taka ka hawo mana da ita, mu riƙa watsa shiri da ita! Jiya ma sai da aka sanar da mutuwar surukina ana tsakiyar kiɗa, mutane suka tafa!"

"Wataƙila ba a son shi ne."

Abin da Don Hilarión ya faɗa bayan nan ba zai maimaitu ba. Remberto ya kashe wayar ya dube ni, ya ce ai ɗaukaka ba ta zuwa sai da mahassada.

Sababbin abubuwansa kuwa, daga ashirin da bakwai aka dawo tara, daga tara aka dawo uku, ukun ma da ƙafa ɗaya suke tafiya. Gwaje-gwajena da ke gudana da kansu a kan kowane gyara suka fara nuna ja, har goma sha tara. Na aika masa jerinsu da yamma. Da safe na buɗe, sai na ga komai kore shar. Wallahi har na fara jin kunyar zagin da na yi masa a zuci. Da na ƙirga sai na ga gwaje-gwajen ne suka ragu.

"Injiniya, ina gwaje-gwajena goma sha tara?"

"Na sallame su."

"Ka yi me?"

"Kullum ja, kullum ja, suna karya wa ma'aikata gwiwa. Yanzu dubi shafin, ko ke ba ki ji sanyi a ranki ba?"

"Wannan ai mai zazzaɓi ne ya fasa ma'aunin zafi ya ce ya warke!"

"Kin gani? Har kin fara fahimta."

Na rantse ba zan amince masa da ko ɗigo ba. Sauran abokan aikinmu uku kuwa sun riga sun tafi garin Oruro rawar bikin shekara, in ka kira su ƙarar ganga kawai za ka ji. Na ce to, yanzu dai hannunsa ya ɗauru ko ya ƙi ko ya so, tunda babu mai duba masa. Ashe ban san Remberto ba. Muna shiga makon ɗaure hannu sai ga wani sabon ɗan sa-kai ya ɓullo a shafinmu, wai shi Injiniya Capitán. Duk gyaran da Remberto ya tura, kafin minti ɗaya Capitán ya amince, da yabo a ƙasa: "Aikin gwani!" "Ban taɓa ganin irinsa ba!" "Wannan mutum ya cancanci makulli!"

Capitán sunan karen gidansu ne. Na hau mota na je na same su su biyun a kan kujera ɗaya.

"Yaya Remberto, ka ji tsoron Allah. Kare ne ya duba maka aiki?"

"Yana zaune a nan lokacin da na rubuta. Bai nuna rashin amincewa ba."

"Gume!" na ƙwala wa yayata Gumercinda kira. "Zo ki ji, karenku ya zama injiniya!"

Ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "To ai gara shi, shi in an kira shi yana zuwa."

Na nemi Doña Primitiva har sau huɗu. 'Yarta ce ke riƙe da wayar, ta ce jiya aka yi aikin, likita ya hana ta kallon allo, ya hana a ɗaga mata hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma gida na yi abin da zan iya: na shirya tsohon zubi na uku tsaf a kwamfutata, na ajiye, saboda ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu biyu Remberto ya aikata a makon nan waɗanda sai daga baya na sani. Na farko, ya ga sunan jakar da manhaja ke ɗauko jadawalin shirye-shirye bai yi masa kama da na manya ba, ya canza mata suna. Na biyu, Chiwanku na da wata ɗabi'a tun asali: in ta nemi abin sawa ta rasa, ba ta barin rediyo shiru, sai ta yi ta maimaita wani ɗan busan sarewa har wani ya zo. Shi kuwa gogan ya naɗi jawabin kama mulki, yana so ya ji yadda zai fito daga cikin manhajar, sai ya ɗora shi a gurbin sarewar, da niyyar in ya saurara ya cire. Bai cire ba, Capitán kuma ya amince.

Ranar Talata tun safe unguwa ta ɗauki hayaƙin turare da ƙarar abin fashewa na wasan biki. Na isa gidansu da kwamfutata a jaka, na tarar tsakar gida cike da maƙwabta. Remberto ya sa kwat, ya kafa tebur a tsakiya, ya naɗe kwamfutarsa da zaren takarda mai launi-launi har da balan-balan, ya zuba mata ɓarɓashin takarda a kai. Rediyon Gume na rataye a bango, tashar unguwarmu na ta sakin kiɗa.

Ya yi jawabi na minti ashirin. Ya zuba wa Pachamama, uwar ƙasa da ake roƙo albarka, giya a kusurwoyi huɗu na teburin, ya ɗiga wa kwamfutar ɗigo uku. Sha biyu na bugawa ya soka makulli, ya danna, ya zare ya mayar wuyansa, ya ɗaga hannu sama. Aka tafa, aka fasa abin fashewa, Don Casiano makaniken da ke maƙwabtaka da su ya rungume shi.

"Ina mai ganin rami?" Remberto ya waiwayo yana nemana. "Zeno, zo ki gaida shugaba!"

Ban kai ga amsawa ba kiɗan rediyon ya ɗauke ɗif. Sai aka ji gyaran murya, da amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya.

"Ehem. Gwaji, gwaji. Jama'ar ƙasa, ku saurara. Ni ne Injiniya Remberto Choquetilla, sabon shugaban Chiwanku. Zamanin tsofaffi ya wuce. Doña Primitiva ta yi iya ƙoƙarinta, baiwar Allah, amma kaza ba ta kai inda mikiya ke shawagi. Ita kuwa Zenobia, da bakin nan nata…"

Sai ga bugun ƙofa a cikin rediyon, da muryar Gume raɗau: "Remberto! Da wa kake magana a banɗaki? Fito, tun ɗazu nake jira! Kuma wandon nan da ka jiƙa tun Alhamis ya fara wari!"

"Gume, don Allah, tarihi nake naɗa!"

Sai ƙarar ruwan masai, shuuu. Sannan: "Ehem. Gwaji, gwaji."

Tirƙashi! Don Casiano ne ya fara fashewa, giyar bakinsa ta fito ta hanci. Mata suka riƙe ciki. Gume ta saki faranti ta toshe baki, ta kasa tantance kunya za ta ji ko dariya za ta yi.

"Wannan… wannan ɗan gabatarwa ne," in ji Remberto. "Da gangan ne. Yanzu kiɗa zai dawo."

"Ehem. Gwaji, gwaji," in ji rediyo.

Wata maƙwabciya ta murɗa zuwa tashar 'yan kasuwa. Ga Remberto a banɗaki. Ta murɗa zuwa ta manoman kwari. Ga Gume na bugun ƙofa. Duk kwamfutar da ta ɗauki sabon zubi ta nemi jadawali ta rasa, ta koma kan abin da ta samu a gurbin sarewa. Gidajen rediyon kuwa a kulle, masu su na can suna yayyafa wa gidajensu albarka.

A zagaye na biyar maƙwabta sun haddace. Maza su ɗauki "Jama'ar ƙasa, ku saurara," mata su amsa da "Fito, tun ɗazu nake jira!" sannan kowa da kowa ya haɗa baki a kan "shuuu". Har daga bayan katanga ana amsawa.

Wayarsa ta fara ruri ba ƙaƙƙautawa. Ya ɗaga ɗaya bisa kuskure, sai ga Don Hilarión.

"Mikiya! Ashe kai ne mikiya! A lasifikar dandalin gari muke jin ka, limamin coci ma ya fito yana tambaya ko an wanke wandon!"

Remberto ya faɗa kan kwamfutarsa yana yaye zaren takarda, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Minti biyu! Ku ba ni minti biyu, ƙaramin abu ne!"

"Ai ga matsalar nan," in ji Don Casiano, yana tangaɗi da kwalba a hannu. "Ɗigo uku ka ba ta, maƙo ka yi mata, shi ya sa ta yi fushi. Ba a yi wa albarka rowa!" Kafin a riƙe shi ya juye mata kwalbar gaba ɗaya. Allon ya yi wal-wal sau biyu ya mutu.

Ana wata ga wata. Na ciro tawa kwamfutar na ɗora a kan teburin.

"Ga zubi na uku a shirye. Sa hannu kawai ya rage, cikin minti biyar duk su koma daidai. Kawo makullin."

Ya damƙe zaren da hannu biyu. "In koma baya? A ce zubina bai fita ba?"

"Ya fita, Injiniya. Har banɗakinka ya fita."

"Zeno, ki rufa mini asiri. Mu gyara na huɗun, ko awa ɗaya ce. In aka koma na uku shi ke nan, Doña ta karɓe makullin."

A nan ne na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma duk haushin da nake ji sai da tausayinsa ya kama ni. Shekara biyar fa. Amma gidajen rediyo arba'in da ɗaya ba sa jiran tausayi. Muna cikin ja-in-ja, ni na riƙe zare shi ya riƙe filashi, sai muka ji tsayuwar tasi a ƙofar gida, rediyonta na cewa "shuuu".

Doña Primitiva ce ta shigo, 'yarta na riƙe da hannunta, ido ɗaya a liƙe da auduga. Ta tako a hankali har gaban teburin, ta dubi kwamfutar da ke ɗigar giya, ta dubi Remberto da idon da ya rage.

"Daga gidana zuwa nan, sau tara aka gaya mini ni kaza ce."

"Doña, wallahi misali ne kawai…"

"'Yata ta karanta mini shafinmu a hanya. Waye Capitán?"

Jin sunansa, karen ya taso yana kaɗa jela ya zauna a gabanta. Doña ta miƙa wa Remberto tafin hannunta kawai.

Remberto ya ɗaga zaren ya fara cirewa ta kansa, sai wayarsa da ke kan tebur ta sake ƙara. Gume ta leƙa ta ce, "Mamanka ce, daga ƙauye." Ta danna ta buɗe murya, don tsohuwar ba ta ji sosai, da ihu ake magana da ita.

"Rembertito! Ɗana! Na ji ka!" Muryar na rawa don murna. "Na ji ka a rediyo da kunnena! Na fito da shi ƙofar gida, na kira kowa da kowa. Suka ce wai ka zama shugaba, na ce ai tun yana ƙarami na san za a yi haka. Kawunka ya kama tunkiya zai yanka. Wayyo, da babanka na raye ya ji wannan rana! Sau goma sha ɗaya ke nan ina ƙirgawa, ban gaji ba. Gaskiya ne dai, ko? Kai ne shugaban?"

Remberto ya tsaya da zare rabi a kai rabi a wuya. Tsakar gidan nan da ɗazu ke girgiza da dariya, yanzu ba ka jin komai sai rediyo.

"Muryata ce, Mama," ya ce a hankali.

"Allah ya yi maka albarka! Ka ce musu kada su kashe, maƙwabciyata ta tafi ɗebo ruwa ba ta ji ba tukuna. Amma ka wanke wandon nan, ɗana, shugaba ba ya barin jiƙo."

"To, Mama."

Ya ƙarasa cire zaren, ya sa shi a tafin Doña Primitiva da hannunsa, ya naɗe mata yatsu a kai. Ita kuma ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na soka makullin a kwamfutata, na ɗora yatsa zan danna, sai ta kama mini wuyan hannu.

"Dakata," ta ce ƙasa-ƙasa. "Bari maƙwabciyar ta dawo daga rafi."

Haka muka tsaya cirko-cirko a cikin ɓarɓashin takarda, Remberto na tsaye da wuya wayam, muka saurari jawabin shugaba tun daga gyaran murya har zuwa ƙarar ruwa, sau biyu cur. Sannan Doña ta saki hannuna, na danna.